Buɗaɗɗiyar wasiƙa daga Tawa zuwa ga 'yan Majalisar Tuntuɓa: kafin ku ɗaga hannu kan batun sauyin yanayi

Zuwa ga masu girma 'yan Majalisar Tuntuɓa da ke zama a Yamai, musamman waɗanda suka fito daga jahar Tawa.

Assalamu alaikum. Ina yi muku barka da aiki, Allah ya sa ku sauke wannan nauyi lafiya. A cikinku akwai iyayen ƙasa da malamai waɗanda ba na ɗaga murya a gabansu, akwai sa'o'ina, akwai kuma 'ya'yanmu. Kowa ya karɓi gaisuwar da ta dace da shi, in kuma harshena ya yi kaifi a wani wuri, a yi mini afuwa.

Ni tsohon malamin gona ne. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina yawo tsakanin Keita, Buza, Illela da Madawa, da farko a ƙafa da bisa jaki, daga baya bisa babur. Yanzu na aje aiki, ina zaune a Tawa, ba ni da abin yi sai sauraren rediyo da jayayya da jikoki. Na san za ku ce majalisarku ta shawara ce, hukunci yana sama. Na sani. Majalisar dokoki mai kujera 171 ta watse tun Yulin 2023, ku kuma a 2025 aka zaunar da ku. Amma shawarar da aka kaɗa wa ƙuri'a a zauren ƙasa tana da nauyi, kuma duk waɗanda za su zo bayanku, a kan tabarmar da kuka shimfiɗa za su zauna.

Ko ba jima ko ba daɗe, za a ajiye muku takarda kan sauyin yanayi. Ko daftarin doka ne, ko tsarin ƙasa, ko sharuɗɗan wani lamuni. Nijar ta shiga yarjejeniyar Paris ta 2015, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sauyin yanayi, ta tabbatar da ita a 2016, ta sabunta alkawuranta a 2021, kuma masu ba da kuɗi ba sa buɗe jaka sai sun ga takarda. Saboda wannan ranar nake rubuto muku.

Ba sai na ɓata muku lokaci wajen nuna cewa yanayi ya sauya ba. Daminar 2024 ta ishe mu shaida. Sama da mutum 300 suka rasu, ruwa ya taɓa fiye da miliyan ɗaya, tsohon masallacin Damagaram da ya haura shekara 150 a tsaye ya zube, aka ɗage komawar yara lakwal har ƙarshen Oktoba don azuzuwa sun zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe. Mu da muka ga farin 1973 da na 1984 mun tashi muna roƙon ruwa, yau ga mu muna roƙon Allah ya sa ya zo da sauƙi. Ruwan wata guda ya zubo cikin dare ɗaya, ƙorama ta kwashe gona, sannan a yi kwana ashirin sama ba ta ce uffan ba, hatsi yana cikin bununi ya ƙone a tsaye.

A ƙasashen masu arziki majalisu sun jima suna kaɗa ƙuri'a kan wannan. Majalisar Birtaniya ta sa a doka tun 2019 cewa kafin 2050, hayaƙin da ƙasar ke fitarwa da wanda dazuzzuka da na'urori ke shanyewa za su yi kunnen doki, abin da suke kira kaiwa sifili. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2021. Najeriya ma ta yi tata dokar a 2021 ɗin, shugabanta kuma ya ambaci 2060. To, Turawa suna da abin ragewa. Hayaƙin kabon da ɗan Amurka guda ke jawowa a shekara ya fi na 'yan Nijar ɗari. Afirka dukanta ba ta wuce kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan karon tsuntsun yana cikin soro, mu ne a fili.

Ga inda tarkon yake, ranku ya daɗe. In an buɗe lissafin hayaƙin Nijar, masana'antu da motoci ba su taka kara sun karya ba. Sama da kashi 80 cikin 100 an rubuta shi ne a kan noma da kiwo da daji: gyatsar shanu da raƙuma, kashinsu, sassabe, itacen girki. Duk ranar da aka ɗauko dokar wata ƙasa aka sauya mata suna, aka ce Nijar za ta rage kaza cikin ɗari, a kan wa wuƙar za ta sauka? Ba mu da manyan injunan da za a kashe. Makiyayin Abalak muke da shi, da mai amalanken da ke shigo da itace gari da asuba, da matar da ke hura wuta tsakanin duwatsu uku.

Bari in ba ku abin da na gani da idona, don a kansa duk maganata ta tsaya.

Lokacin da na fara aiki, itace na gwamnati ne, ko da a tsakiyar gonar kakanka ya tsiro. Doka ce da muka gada daga Turawan mulki, kuma niyyarta kare daji. Ka sare reshen gawo ka ba akuyarka, tara ta hau kanka. Abin da ya biyo baya shi ne manomi ya mayar da itace abokin gaba. Na sha ganin dattijo da sassafe yana bin gonarsa yana tumɓuke 'yan tsiron gawo da kalgo tun suna kamar yatsa, don kada su girma su jawo masa mai kaki. Mu kuma muna nan muna wa'azin dashe. Ranar 3 ga Agusta mu kai bedi cikin leda, a yi jawabi, a yi tafi, kafin kaka akuya ta gama da shi. Ni kaina na rubuta rahoton itatuwan da na san ba su ga lokacin ɗari ba, Allah ya yafe mana.

Abin bai juya ba sai da hannun hukuma ya sassauta, daga tsakiyar shekarun 1980, bayan taron Maraɗi na 1984 kan kwararowar hamada. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara wa manomi ƙwarin gwiwa cewa abin da ya raina a gonarsa shi zai mora. Sai sassaben zamani ya bazu. Kututturen da ake ƙonewa da, yanzu a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Babu gandun reno, babu ban ruwa, saiwar tana nan a ƙasa tun fil azal tana jira a ƙyale ta. Masu bincike da suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi sun ƙiyasta itace wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, akasari a Maraɗi da Damagaram da nan wajenmu. Shekarun da aka yi ana tara, daji ƙarewa ya yi ta yi. Da aka ce wa talaka naka ne, shi ya mayar da shi, ko dala ba a biya shi ba.

Haka kuma a Keita. Daga 1984, da kuɗin Italiya, aka shiga gyaran tuddan Adar. Mata ne suka ɗauki aikin a kansu, don maza sun tafi bida, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya. Dutse a ka, goyo a baya, ladan yini kuwa abinci ne da ake aunawa. Da hannunsu aka jera shingen duwatsu, aka tare ƙoramu, aka dasa itace wajen miliyan 18. A kwarin Majiya tun 1975 aka fara jera layukan bedi don karya iska. A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka dawo da dabarar tassa, rami da taki a cikinsa. Cikin 'yan shekaru, faƙon da ko kyauta ba a karɓa ya zama ana cinikinsa da kuɗi. Tun kafin a zauna a Paris, mutanen Adar sun riga sun biya nasu kason, da wuyansu da gadon bayansu.

Yanzu itatuwan nan sun yi daraja a wata kasuwa da manomi bai taɓa jin sunanta ba. Kamfanin da ke ƙona mai a Turai yana iya biyan kuɗi, a rubuta cewa itatuwan wata ƙasa sun shanye masa hayaƙinsa. Ana aunawa, ana lissafawa tan-tan, ana sayarwa. Ni ba na ƙin ciniki, ɗan Adar ne ni. Abin da ke hana ni barci shi ne a sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar shekara talatin, kuɗi su tsaya tsakanin dillali da ofis, sannan a wayi gari a ce wa manomin Badagishiri kada ya taɓa reshen gawonsa don an riga an sayar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In haka ta faru mun koma gidan jiya, kuma ina tabbatar muku dattijon nan mai tumɓuke tsiro da sassafe zai dawo, jikansa ne kawai zai tsaya a madadinsa. Duk takardar da ta zo gabanku kan cinikin kabon, ku nemi wurin da aka rubuta kason mai gona da lamba, kashi nawa cikin ɗari, kuma ta wace hanya zai shiga hannunsa. Ku nemi wurin da aka ce sai gari ya zauna gaban maigari ya yarda. Ku nemi wurin da aka bar masa sassabe da saran reshe da kwasar 'ya'yan gawo don dabbobinsa. In ba ku ga waɗannan ba, hannunku ya zauna a kan gwiwa.

Sai batun girki, wanda na fi jin tsoron a yi gaggawa a kansa. Gida tara cikin goma a ƙasar nan da itace ko gawayi suke dafa abinci, kuma gaskiya ne birane suna cinye daji. Hana sara da hana shigo da itace gari shi ne abu mafi sauƙin rubutawa. Yayata tana wani ƙauye arewa da nan. Ɗanta ya aiko da kuɗi daga bida aka saya mata tukunyar gas, ta yi murna, tarin da hayaƙi ke sa ta ya ragu, idonta ya daina ruwa. Da gas ya ƙare, sai ga shi kuɗin motar kai tukunyar gari da dawo da ita ya kusa kai kuɗin gas ɗin kansa. Sau biyu ta yi, ta haƙura. Yau tukunyar kujerar jikoki ce, ita kuma ta koma sabara da kara. Matatar Damagaram tana fitar da gas tun 2011, namu ne, ba daga teku ya zo ba. Wanda ya kai wurin sauyin tukunya kowace babbar kasuwar mako ya fi mai kafa shinge goma a hanya ceton daji. Mai amalanken nan kuma, da itace yake ciyar da mutum takwas ko goma. In za a rufe masa wannan ƙofa, a nuna masa wata tukuna. Shi ya san kowane lungu na gari da kowace uwar gida, me zai hana shi ne zai riƙa kai tukunyar?

Mun taɓa gwada hani tsirara. A Nuwamban 2014 aka yi dokar hana leda a ƙasar nan, majalisa ta amince, aka yaba. Ku fita ƙofar zaurenku ku dubi itacen farko da za ku tarar, leda ta yi masa 'ya'ya. Ku tambayi mahautan Tawa abin da suke cirowa daga tumbin tumaki. An hana, ba a kawo madadi ba, ba a ware kuɗi ba, dokar ta kwanta a takarda.

Su kansu Turawan sun sha wannan darasi. A Faransa an ƙara harajin mai da sunan kare yanayi, ba a duba mutumin karkara da ba shi da jirgin ƙasa a ƙofar gida ba. Nuwamban 2018 masu riguna ruwan ɗorawa suka cika tituna, kafin shekara ta ƙare gwamnati ta janye ƙarin. Jamus kuwa, da majalisarta ta amince a 2020 cewa za a bar gawayin ƙasa zuwa 2038, sai ta haɗa da kuɗi har yuro biliyan 40 don yankunan da ke ci daga haƙarsa. Shekara goma sha takwas na shiri, ga kuɗi a hannu. Wannan suke kira sauyi mai adalci idan a gidansu ne. A 2021 a Gilasgo ƙasashe da dama suka yi alkawarin daina zuba kuɗin gwamnati a ayyukan mai da gas da gawayi a ƙetare. Shekara na zagayowa, da gas ɗin Rasha ya yanke, Jamus ta sake hura tashoshin gawayin da ta ajiye. Ban zarge su ba, sanyi ba wasa ba ne. Ina dai so wakilanmu su riƙa tunawa da haka idan an zo musu da wa'azi. Dala biliyan 100 a shekara da aka yi wa ƙasashe matalauta alkawari a Kopanhagan a 2009, wadda ya kamata ta cika a 2020, sai 2022 aka ce ta cika, kuma mafi yawanta bashi ne.

Wannan ya kawo ni Salkadamna, gawayin ƙasar da ke kwance a jaharmu, wanda aka daɗe ana maganar gina masa tashar wuta. A ƙasar da mutum ɗaya cikin biyar ke da kuran, wadda a Agustan 2023 Najeriya ta yanke mata layin da ke kawo kusan kashi 70 na wutarta, ba ni da bakin cewa kada a taɓa shi. Wanda bai kwana a ɗakin kwano a Tawa cikin Afrilu babu fanka ba, kada ya yi mana fatawa. Amma ku tambaya tun yanzu: ruwan da tashar za ta sha daga wace rijiya zai fito, gonaki da makiyayar wa za a ɗauka, nawa za a biya, kuma ƙauyen da zai shaƙi ƙurar zai ga fitila ko waya za ta bi ta kansa ta wuce? Ku tambayi mutanen Akokan, kusa da Arlit. An yi shekara arba'in da ɗoriya ana haƙar yuraniyom a can, Faransa tana haskaka gidajenta da wutar nukiliya tana alfahari da tsabtar iskarta. A Maris na 2021 aka rufe mahaƙar Cominak, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, tsaunin dusar haƙa ya rage wa gari. Tsarin ranar rufewa a rubuta shi tun ranar buɗewa, da kuɗinsa a ajiye.

Rana kuma tana nan, kyauta. Tashar Malbaza mai megawat 7 tana aiki tun 2018, ta Gorou Banda mai 30 tun 2023. Kaɗan ne. Mai albasar Galmi ko na bakin tafkin Tabalak, man injin ban ruwa ke cin kaso mai tsoka na ribarsa. A ba shi famfo mai aiki da rana bashi, ya biya bayan ya sayar da albasa, za ku ga ya bar mai ba tare da an karanta masa ko layi ɗaya na yarjejeniyar Paris ba.

Makiyaya kuwa magana ɗaya ce. Dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa tafiya da dabba haƙƙi ne. Kada a zo da sunan dashen itace ko gyaran ƙasa a kewaye makiyaya da waya, ko a toshe burtali. Tafiyar nan ita ce dabarar da ta fitar da garke daga fari tun kaka da kakanni, wanda ya tsayar da ita ya kunna wutar da ba ruwan sama ne zai kashe ta ba.

Saura yadda za ku kaɗa ƙuri'ar. Mun gaji da jin an ce kaza sun amince, babu mai ƙi, babu ɗan ba-ruwana. Wannan lissafi bai gaya wa kowa komai ba. A Birtaniya duk mai so yana iya dubawa ya ga yadda wakilin garinsu ya kaɗa duk lokacin da aka ƙirga ƙuri'a a kan wata doka, da sunansa. Mu ma muna so. Wanda ya amince a sayar da inuwar gawo, a san shi, wanda ya ƙi, a san shi, don in ya zo gida ta'aziyya ko ɗaurin aure a sami abin tambayarsa. Tun 2025 kundin da ya kafa ku ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa. To a karanta daftarin a rediyo da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamajak, da Barbarci, kafin ƙuri'a, a bar mako biyu ko uku mutane su kira su yi magana. Abin da ba za a iya faɗa wa yayata da harshen da take ji ba, ina shakkar ko masu ɗaga hannun su ma sun gane shi. Kowace aya da ta ce an hana, a sa ta gefe da wadda ta ce ga madadi, ga inda kuɗinsa zai fito. Bayan shekara kuma a dawo zaure a faɗi abin da aka yi da abin da ba a yi ba.

Kafin ranar, ina gayyatar waɗanda suka fito daga jahar nan su zo gida. Ba taron otal nake nufi ba, mai ruwan gora da kuɗin zama. Ku fito bayan sallar asuba ku tsaya bakin gari inda amalanken itace ke shigowa, ku tambayi mai jakin tafiyar awa nawa yake yi yanzu kafin ya cika kaya, da nawa yake yi shekara goma baya. Daga nan in kuna da sauran lokaci ku biyo ta gonarmu ta gado. Gawo goma sha ɗaya ne a cikinta, ba wanda aka dasa. Zan nuna muku babban, na kusurwar gabas, wanda mahaifina ya tashi tumɓukewa don tsoron tara, mahaifiyata ta kife masa tsohon ƙwarya ta ɓoye shi har ya fi ƙarfin hannu. Hatsin da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina a gonar tsawo, har bana.

Wassalam.

Naku,
wani tsohon malamin gona,
Tawa.